Ɗan Adam Tara Yake: Nasiha Ga Saurayi Mai Cewa Ko Duka Ko Babu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum da rauni, kuma Ya sauƙaƙa masa hanya gwargwadon rauninsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, ka sani wannan nasiha ba domin malalaci aka rubuta ta ba. Shi malalaci yana da nasa wa'azin, an kuwa sha yi masa. Da kai nake yau, kai mai himma, mai son gyara, wanda sau biyar ko sau goma ka ɗaura niyyar canza rayuwarka, kuma duk sau goman ka komo inda ka taso, har ka fara zargin ko dai kai ba mutumin kirki ba ne.

Ga yadda abin yakan faru. An gama azumi, an yi Sallah, zuciya tana da taushi. Ko kuwa an kai mahaifinka asibiti an ce hawan jini ne ko ciwon sukari, ka tsorata. Sai ka sami takarda da biro ka zauna ka tsara: daga gobe zan tashi ƙarfe uku na dare in yi nafila, in karanta izu biyu, bayan Asuba gudu na kilomita biyar, babu sukari, babu lemon kwalba, babu zama teburin mai shayi, ana sallame Isha'i zan kashe waya, ga azumin Litinin da Alhamis, in kuwa kana shan taba, to an rabu ke nan har abada. Ka manna takardar a bango. Ranar farko ka cika duka, ka ji kamar ka tashi sama. Rana ta biyu ma haka. Rana ta huɗu cinyoyi sun ɗaure, kana gyangyaɗi a shago ko a aji. Rana ta shida aka ɗaura auren abokinka, kuka raba dare kuna hira, ka sha lemo biyu, gari ya waye ko jam'in Asuba ba ka samu ba, balle gudu. Daga nan sai ka dubi takardar nan ka ce, "Shi ke nan, na ɓata." Ba ka sake gudu ba, ba ka sake nafilar ba, har ɗan abin da kake yi kafin ka rubuta takardar ma ya ragu. Yanzu kana jiran ɗaya ga wata, ko wani azumin, ka sake ɗaurawa daga farko.

Wannan ita nake kira cutar ko duka ko babu. Mai ita ba ya yarda da tara. In bai cika goma ba gara ya koma sifiri. Alhali kuwa tun kaka da kakanni Bahaushe ya gama magana cewa ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba.

Wani zai ce, "To Malam, so kake mu zama masu ƙaramar himma? Ashe ba Musulunci ne ya umurce mu da kyautata aiki ba? In mun ce kaɗan ya isa, ai mun buɗe wa lalaci ƙofa ke nan." Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan tsallake ta ba. Amma kafin in amsa, bari in ba ka labarin wani saurayi wanda ya fi ni ya fi ka himma nesa ba kusa ba.

Sunansa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi da mahaifinsa. Labarinsa ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim. Yana cikin ƙuruciyarsa ya ɗaukar wa kansa azumi kullum, da tsayuwar dare baki ɗaya, da saukar Alƙur'ani a kowane dare. Mahaifinsa ya yi masa aure, yakan je ya tambayi amarya halin da ake ciki. Ita kuwa mai kunya ce, sai ta yabi mijinta, amma ta nuna cewa tun da ta zo gidan bai kusanci shimfiɗarta ba. Da abin ya yi tsawo, sai uban ya kai magana gaban Manzon Allah (S.A.W.). Me kake tsammanin aka ce wa wannan saurayi? An yi masa kirari? An ce wa sauran samari su yi koyi da shi? A'a. Annabi (S.A.W.) ya nuna masa cewa in ya ci gaba a haka idanunsa za su zurma, jikinsa ya raunana. Ya tuna masa cewa jikinsa yana da hakki a kansa, haka idonsa, haka matarsa, haka baƙonsa. Ya umurce shi da azumin kwana 3 a wata, ya sauke Alƙur'ani sau ɗaya a wata. Abdullahi ya ce yana da ƙarfin da ya fi haka. Aka ƙara masa. Ya sake cewa zai iya fiye da haka. Ana ƙarawa yana neman ƙari, har aka tsayar da shi a kan azumin Annabi Dawuda (A.S.), watau yau a yi gobe a sha, sauka kuma a kwana 7, aka ce kada ya wuce nan.

To, ina ƙarshen labarin? Abdullahi ya yi tsawon rai, ya tsufa, ƙarfin nan da yake tunƙaho da shi ya tafi. Da bakinsa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi masa tun farko. Amma ka lura da abin da ya yi da tsufan, domin a nan darasin yake. Bai ce tun da na kasa na bari ba. In ya ji jiki ya yi rauni sai ya sha ruwa kwanaki, yana ƙirgawa, in ƙarfi ya dawo ya rama adadinsu. Karatun da zai yi da dare kuwa sai ya fara bitarsa da rana a gaban wani daga cikin iyalinsa domin ya yi masa sauƙi. Ka ga mutumin da ya yi kuskuren awo yana yaro, amma bai ƙara kuskure na biyu a kai ba, watau watsar da aikin. Kuma shi ne dai wanda Annabi (S.A.W.) ya gargaɗa kada ya zama kamar wani mutum da ya kasance yana tsayuwar dare sa'an nan ya bari.

Yanzu mu koma ga tambayarka. Kyautata aiki daban, tsananta wa kai daban. Mai kyautatawa idonsa yana kan aikin: wannan raka'a biyu da nake yi, na natsu a cikinta? Wannan tafiya da nake yi, tana amfanin jikina? Mai cutar ko duka ko babu kuwa idonsa yana kan kansa. Akwai wani mutum da ya zana a cikin zuciyarsa, wanda ba ya makara, ba ya gajiya, ba ya kwaɗayi, kuma wannan mutumin yake ƙauna, ba lafiyar ba, ba ladan ba. Kada ka ji haushina, ɗan'uwa, ga hujjata. In da lafiyar yake so, ranar da ya kasa gudun kilomita biyar ai da ya yi tafiyar kilomita ɗaya, domin jiki yana amfana da ita. In da ladan yake so, ranar da ya kasa izu biyu ai da ya karanta shafi ɗaya. Me ya hana shi? Shafi ɗaya ba ya cikin siffar wancan gwarzo da ya zana. Da zanen ya ɓaci sai aikin ya zama ba shi da ɗanɗano a wurinsa. Wannan kuwa, in muka kira abu da sunansa, wani reshe ne na jiji da kai, sai dai ya sanya rigar himma, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Malamai magabata sun daɗe da lura cewa Shaiɗan ƙofa biyu gare shi ga kowane aikin alheri: ko ya ja ka zuwa sakaci, ko ya tura ka ka wuce iyaka, kuma bai damu da wacce ya samu ba. Kai da ya ga ba za ka jawu ba, sai ya koma bayanka yana turawa, ya san inda za ka faɗi.

Ka taɓa ganin ɗan garuwa ya turo kura da jarka goma sha biyu, ɗaya ta tsiyaye a hanya, sai ya tsaya ya kifar da sauran goma sha ɗaya a kwata domin haushi? In ka ga haka ai cewa za ka yi a kama shi, ba lafiya ba. To wallahi abin da kake yi ke nan duk ranar da ka ce tun da na sha lemo ɗaya yau ta riga ta ɓaci, bari in ƙarasa, gobe a sake shiri.

Ainihin jarrabawar tana washegarin ranar da ka zame, kuma Sunna ba ta bar mu cikin duhu a nan ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) in ya fara aiki yakan dawwama a kansa, in kuwa barci ko ciwo ya hana shi sallar dare, sai ya yi raka'a 12 da rana. Dubi fa, fiyayyen halitta ne, amma akwai daren da ciwo ko barci yake rinjayarsa, kuma yana da abin da yake yi washegari. Haka nan a kan hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, rundunar Musulmi ta yada zango cikin dare a gajiye, aka ɗora wa Bilalu tsaron alfijir. Bilalu ya yi salla gwargwadon iko, sa'an nan ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi. Babu wanda ya farka sai da rana ta buge su. Sallar farilla ce fa ta kuɓuce, ga Annabi (S.A.W.) a cikinsu. Me aka yi? An ja dabbobi an matsa gaba kaɗan, an yi alwala, Bilalu ya ta da iƙama, aka yi sallar. Ba a kori Bilalu daga ladanci ba. Babu wanda ya zauna yana cewa tun da Asuba ta wuce mu, yau ba mu ba salla sai gobe. An farka, an rama, an ci gaba da tafiya.

In haka ake yi da sallar farilla da barci ya rinjayi mutum a kanta, ina ga gudun safe? Ina ga cokalin sukari?

Ba wai addininmu yana jiran shaidar Turawa ba ne, amma yana da kyau ka ji abin da masu binciken halayyar ɗan Adam suka gano, domin ya dace da wannan. A shekarar 2009 wata mai bincike a birnin Landan, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun sami mutum 96, kowa ya zaɓi ƙaramar ɗabi'a guda ɗaya da zai riƙa yi kullum har mako 12, kamar cin ɗan itace tare da abincin rana, ko gudun minti 15 kafin abincin dare. Suna so su ga kwana nawa ake ɗauka kafin abu ya zama jiki, mutum ya riƙa yinsa ba tare da kokawa da zuciyarsa ba. Sai suka ga abin ya bambanta ƙwarai: daga kwana 18 har zuwa kwana 254, tsaka-tsakin kuwa kwana 66. Suka kuma ga cewa wanda ya tsallake rana ɗaya sa'an nan ya koma, wannan tsallakewar ba ta rushe masa ginin ba. To ka ji. Ɗabi'a ɗaya tak, ƙarama, tana iya cin wata biyu ko fiye. Kai kuwa ka jero guda takwas manya-manya, ka yanke wa kanka hukunci a rana ta shida. Wannan ai ɗaukar Dala ba gammo ne.

Abin da likitoci suke nema a gare ka ma bai kai abin da ka ɗora wa kanka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a shekarar 2020, ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke. Raba shi ka gani: minti 30 a kwana biyar. Ta kuma bayyana cewa ko bai kai haka ba, ɗan abin da aka yi ya fi babu. Watau wanda ya bar hawa babur zuwa masallacin da ke nesa da shi kaɗan, ya riƙa takawa, ya riga ya kama hanya, ga ladan taku kuma. Sukari ma ba a ce haramun ne ba, cewa aka yi a rage. Abin da aka ƙayyade wa baligi a yini bai wuce kimanin ƙaramin cokali 12 ba, in an yi ƙasa da haka ya fi, kwalbar lemo ɗaya kuwa tana iya ɗauke da cokali takwas ko fiye. Mai shan uku a yini in ya koma ɗaya, ya yi babban aiki, ko da bai iya shiga majalisa ya ce ni na daina ba. Kishiyar wannan shi ne saurayin da bai taɓa gudu ba, ya tashi rana ɗaya da azumi a bakinsa, cikin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda awon zafi yake haura 40, wai zai zagaye filin ƙwallo sau goma. Ko wanda ya je wurin ɗaga ƙarfe ranar farko ya ce sai ya ɗaga abin da na shekara uku suke ɗagawa, ya kwana biyu ba ya iya ruku'u. Garin neman ƙiba an samo rama.

Barci kuwa, ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa, domin a nan samarinmu masu son addini suka fi cutar kansu. Baligi yana bukatar abin da ya kai awa 7 a dare. Wanda ya kwanta ƙarfe goma sha biyu bayan ya gama latsa waya, ya ce zai tashi ƙarfe uku, ba tsayuwar dare ya tsara ba, makara ya tsara. Wata rana Annabi (S.A.W.) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance, ya kuma nuna cewa mutum ya yi salla lokacin da yake da nishaɗi, in ya gaji ya huta. Ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil ma, wadda ta sauko da sauƙi a kan tsayuwar dare bayan sahabbai sun shekara suna yi, ta ambaci marasa lafiya da masu tafiya neman arziki a cikin dalilan sauƙaƙawar. Ubangijinka Ya san kana tuƙa a-daidaita-sahu tun safe, Ya san kana tsaye a kan keken ɗinki har dare. Raka'a biyu da wutiri kafin ka kwanta, kana yi shekara da shekaru, sun fi maka daren nan uku da kake yi sau ɗaya a shekara sa'an nan ka yi ta makarar Asuba.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba. Salloli biyar ba a ciniki a kansu, ba a cewa bari in fara da uku. Haram kuma haram ne, ba a cewa zan rage zina ko zan rage caca. Abin da yake maye, ko tiramadol ne ko kodin ko wiwi, niyyar barinsa ta yau ce, ba ta gobe ba, ko da yake wanda jikinsa ya riga ya saba da ƙwaya lalle ne ya nemi likita ya taimaka masa wajen rabuwa da ita, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo masa wata wahalar. Amma ko a nan ɗin, cutar ko duka ko babu tana kashe mutane. Yaro ya yi wata uku bai taɓa ba, rana ɗaya ya zame, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa kai munafuki ne, tubanka ƙarya ce, ina amfanin zuwa masallaci da wannan bakin? Sai ya bar masallacin, ya koma wa tsofaffin abokai, domin su ba sa tuna masa cewa ya faɗi. Zamewar kwana ɗaya ta zama ta shekara biyar. Alhali ƙofar tuba ba ta da adadi. Masu daina shan taba ma da yawansu sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita gaba ɗaya, kuma wata ukun nan da huhunsa ya huta ba a ƙwace masa su ba.

A nan kuma akwai laifinmu, mu 'yan'uwansa. Mai tsananta wa kansa yawanci yakan tsananta wa mutane. A makon da yake kan ganiyar himma ba a zama lafiya da shi: ya ga wani da lemo ya yi tsaki, ya ga wani bai zo karatu ba ya ce imaninsa ya yi rauni. Shi ya sa ranar da ya faɗi yake jin kunyar dawowa, domin ya san ma'aunin da ya auna mutane da shi. Dubi yadda Salmanul Farisi ya yi da ɗan'uwansa Abu Darda'i, Allah Ya yarda da su. Ya kai masa ziyara ya tarar da matar gidan ba ta ko kwalliya, ta ce ai ɗan'uwanka ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, Abu Darda'i ya ce yana azumi, Salmanu ya ce shi ma ba zai ci ba sai sun ci tare, har ya ci. Dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce ya kwanta. Ya sake tashi, ya sake kwantar da shi. Sai can ƙarshen dare ya ce to yanzu tashi, suka yi salla tare. Da labari ya je wa Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. Irin wannan aboki za ka nema, wanda zai rage maka kaya in ka yi lodi ya wuce kima, kuma ranar da bai gan ka a sahu ba zai biyo ka gida ya ce taso mu je, ba tare da ya tsare ka da tambayoyi ba.

Takardar nan da ke manne a bangonka kuwa, ka cire ta yau. Ka zaɓi layi ɗaya a ciki, wanda ka san in ya gyaru zai jawo sauran. Ga mafi yawanku shi ne ajiye waya da kwanciya da wuri. Sa'an nan kada ka auna shi da ranar da kake jin ƙarfi. Auna shi da ranar da ka fi kowace gajiya, ranar da aka yi ruwa, ko ana sanyin hunturu, ko aikin Sallah ya taso a shago. Abin da za ka iya yi a irin wannan rana, shi ne naka na kullum. Ranar da ka sami sarari ka ƙara, babu laifi, amma kada ka mai da ƙarin doka. Ka ɗaura shi a jikin wata salla, domin ita ba ta tashi daga wurinta: tafiyar minti 15 bayan Asuba, ko bayan La'asar in rana ta yi sanyi. Ka riƙe wannan wata biyu kafin ka taɓa layi na biyu. Tun yanzu kuma ka rubuta a ƙasansa abin da za ka yi ranar da ka tsallake, domin za ka tsallake: in na makara da safe zan yi da yamma, in yinin ya wuce duka zan yi gobe kamar yadda na saba, ba ninki biyu ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.